Sanƙo: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Mai askina ne ya fara yi mini bushara, idan har za a kira ta bushara. Wata ranar Asabar da hantsi, bayan ya gama aikinsa, sai ya ɗauko ƙaramin madubi ya riƙe mini ta ƙeya, ya ce, "Yallaɓai, arziki fa ya fara tahowa, ga shi nan a tsakiyar ka." Na yi dariya kamar yadda sauran mutanen da ke shagon suka yi, domin mun taso mun ji ana cewa sanƙo alamar dukiya ne. Amma da na koma gida na daɗe a gaban madubi, kuma gaskiyar magana raina bai yi daɗi ba. Mu mazan Arewa hula ta rufa mana asiri ƙwarai da gaske, shi ya sa ba kasafai ake jin muna tattauna wannan batu a majalisa ba. Da yawa daga cikinmu kuwa suna zagayawa kemis a ɓoye su nemi magani, kuma ni ma ina cikinsu. Abin da ya same ni a wannan hanya shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na yi shekaru ina fama da hawan jini, ina kuma shan ƙwayar Amlodipine kowace safiya bisa umarnin likita. Wani abokin aikina da ya dawo daga tafiya ya ba ni sunan wata ƙwaya, Minoxidil, ya ce ita ce ta dawo masa da sumarsa. Na je wani kemis na saya ba tare da an tambaye ni takardar likita ba, balle a tambaye ni wane ciwo nake da shi. Bayan 'yan makonni sai na ga takalmina ya fara matse ni da yamma, kuma idan na hau benen ofis zuciyata takan riƙa bugawa kamar wanda ya yi gudu. Da na je asibiti, likita ya fara zargin maganin hawan jinin ne, domin shi ma yakan kumbura ƙafa. Ya tambaye ni ko akwai wani abin da nake sha, na ce babu. Uwargida ce, da ta raka ni, ta buɗe jakarta ta fito da kwalin ta ajiye a kan tebur. Likitan ya juya shi, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, ai magungunan hawan jini guda biyu kake sha, ɗaya na sani, ɗaya ban sani ba."

Wannan magana ita ta sa na shiga bincike, kuma abin da na tarar ya ba ni mamaki. Magunguna biyun da ilimin likitanci ya fi tabbatar da amfaninsu ga sanƙon maza, babu ko ɗaya daga cikinsu da aka ƙirƙira domin gashi. Shi Minoxidil, kamfanin Upjohn na Amurka ne ya samar da shi, aka amince da shi a shekarar 1979 a matsayin ƙwayar hawan jini mai tsanani wanda ya gagari sauran magunguna. Sai likitoci suka lura masu shan sa gashi na fito musu a fuska da hannu da ka. Daga nan aka mayar da shi ruwan shafawa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi domin sanƙo a 1988. Aikinsa na asali shi ne buɗe hanyoyin jini, kuma idan aka sha shi jiki yakan riƙe gishiri da ruwa, zuciya ta ƙara sauri, wani lokaci ma ruwa ya taru a jakar da ke kewaye da zuciya, musamman ga mai ciwon ƙoda. A yau wasu likitocin fata na rubuta ƙwayar da ƙaramin awo domin gashi, amma sukan auna jinin mutum su binciki zuciyarsa tukuna. Mai ciwon zuciya ko ƙoda, ko wanda ke haɗawa da magungunan ƙarfin maza masu sauke jini, bai kamata ya kusance ta da ra'ayin kansa ba. Na shafawa, mai ƙarfin kashi 2 ko 5 cikin ɗari, kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, don haka ya fi sauƙin haɗari. Sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin a ga canji, kuma idan aka daina, gashin da aka samu zai zube cikin 'yan watanni.

Kafin in zo kan magani na biyu, ya kamata mai karatu ya san abin da ke kawo sanƙo. Ba hula ba ce, ba rawani ba ne, ba kuma yawan tunani ba. A shekarar 1942 wani masani Ba'amurke mai suna James Hamilton ya nuna cewa mazan da aka dandaƙe tun kafin su balaga, irin waɗanda Bahaushe ke kira babanni, ba sa yin sanƙo, sai fa idan an ba su sinadarin mazantaka kuma akwai gadon abin a danginsu. Ashe abubuwa biyu ne ke haɗuwa, gado da sinadari. Jiki na juya wani kaso na sinadarin testostaron zuwa wani mai ƙarfi da ake kira DHT, shi kuma yana tsuke saiwar gashi a goshi da tsakiyar ka sannu a hankali, har gashin ya koma siriri kamar na jariri, daga bisani ya ɓace. A 1974 wata likita, Julianne Imperato-McGinley, ta ba da rahoton wasu mutane a Jamhuriyar Dominika waɗanda jikinsu ba ya iya wannan juyi yadda ya kamata. An lura ba sa sanƙo, kuma furostet ɗinsu, wato ƙullutun naman nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ba ya girma.

A kan wannan ilimi ne kamfanin Merck ya gina Finasteride. An amince da shi a 1992 da awon miligiram 5 domin kumburin furostet, sai a 1997 aka fito da mai miligiram 1 domin sanƙo. Yana aiki, babu musu, domin yakan tsayar da zubar gashi ga mafi yawan masu shan sa. To amma ga inda gizo ke saƙa. Akwai gwajin jini da ake kira PSA, wanda likitoci ke amfani da shi wajen hango cutar dajin furostet tun da wuri, kuma wannan ƙwaya na rage sakamakon gwajin da kusan rabi. Ma'ana, mutumin da ya ɓoye wa likitansa cewa yana shan ta, ana iya duba takardarsa a ce masa lafiyarsa lau alhali cuta na ci a ciki. Likitan da ya sani zai ninka lambar biyu kafin ya yanke hukunci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gare mu, domin sananne ne cewa dajin furostet ya fi yawa kuma ya fi tsanani ga baƙar fata, sannan shekarun da sanƙo ke bayyana sosai su ne shekarun da ya kamata a fara wannan gwaji.

Akwai kuma abin da kunya ke hana mu faɗa. Kaɗan daga cikin masu shan Finasteride kan samu raguwar sha'awa ko rauni wajen kusantar iyali, kuma a 2012 hukumar Amurka ta sa aka ƙara a takardar maganin cewa wasu sun ci gaba da fama da hakan bayan sun daina. Yana iya rage yawan maniyyi ga wasu, don haka mai neman haihuwa ya yi shawara tukuna. A 2024 hukumar magunguna ta Birtaniya ta umarci a riƙa saka katin gargaɗi a kwalinsa game da ciwon damuwa da tunanin kashe kai, a 2025 kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da wannan tunani a cikin illolinsa. Duk wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ya sanar da likita kafin ya fara. Mace mai ciki kuwa ba a so ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka niƙa, domin tana iya cutar da halittar al'aurar ɗa namiji a ciki. A gidajenmu masu yawan jama'a, inda ake ajiye magani a kan taga ko saman firji, wannan gargaɗi ne da ya kamata a ɗauka da muhimmanci.

Haka nan ba kowace zubar gashi ce sanƙon gado ba. Lafiyayyen mutum yakan zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a kullum ba tare da ya lura ba. Idan gashi ya zube da yawa a ko'ina a ka, wata biyu zuwa uku bayan zazzaɓi mai zafi kamar taifot, ko bayan tiyata, yawanci yakan dawo da kansa. Ƙarancin jini da matsalar ƙullutun maƙogwaro da ake kira tayirod su ma suna sa gashi ya yi sharara. Wanda kuma ya ga fili zagayayye kamar kwabo, ko kora mai ƙaiƙayi da ɓawo, ciwonsa daban, maganinsa daban. Idan aka ruga kemis aka sayi maganin sanƙo, an bar ainihin cutar tana tafiya. Hatta ƙwayoyin ƙarin gina jiki na Biotin da ake tallatawa domin gashi suna da nasu tarkon. A 2017 hukumar Amurka ta yi gargaɗi cewa yawan shan su na iya ɓata sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da wanda ake gane bugun zuciya da shi.

Masu hali a cikinmu sun koma tafiya Istanbul dashen gashi, inda ake ciro saiwa daga ƙeya a dasa a goshi. Aikin yakan yi kyau a hannun ƙwararre, amma tiyata ce. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, rauninsa na jinkirin warkewa, mai shan maganin tsinka jini irin Warfarin na iya zubar da jini, mu kuma baƙar fata jikinmu ya fi saurin yin tabo mai tudu. Sannan dashe ba ya hana sauran gashin asali ci gaba da zuba, shi ya sa sau da yawa akan ce wa mutum ya ci gaba da shan waɗancan magunguna bayan ya dawo. Su kuwa man kaɗanya da man habbatus sauda da dangoginsu, suna tausasa fatar kai, amma babu wata tabbatacciyar hujja cewa suna dawo da gashin da gado ya ɗauke.

Ba ina cewa a guji magani ba ne. Neman gyara ba laifi ba ne, kuma saurayin da sanƙo ya kama yana ɗan shekara ashirin da biyar, damuwarsa ta gaskiya ce, bai kamata a mayar da ita abin barkwanci ba. Abin da nake cewa shi ne waɗannan ƙwayoyi magunguna ne na sosai masu taɓa zuciya da furostet da ƙwaƙwalwa, don haka a bi da su ta hannun likita. Wanda zai fara, ya tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya, ya kai gaban likita, a auna jininsa, idan ya haura arba'in ya tambaya game da gwajin PSA kafin ƙwaya ta farko. Likitocinmu su daure su riƙa tambaya a sarari, domin da yawa daga cikinmu ba ma ƙirga maganin gashi a cikin magani. Masu kemis kuma su ji tsoron Allah, su daina miƙa maganin zuciya ga duk wanda ya miƙo kuɗi, hukumomin da ke sa ido a kansu su ma su tashi tsaye.

Ni dai likitana ya dakatar da ni daga ƙwayar, cikin 'yan kwanaki kumburin ya sabe, zuciya ta koma daidai. Ya ce ina iya gwada na shafawa idan ina so, na yi tunani na ga ba zan iya wannan hidima safe da yamma har ƙarshen rayuwa ba. Na koma wurin mai askina na ce ya yi mini tal-kwabo, na ɗora hulata na fito. Wani na iya zaɓar wata hanyar, kuma ba zan ga laifinsa ba muddin ya bi ta ƙofar asibiti. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu dace.