Abubuwan da ya kamata ka sani game da ƙarkon maɗaurin ski na hawan tsauni

Mene ne maɗauri?

Ski wasu dogayen alluna biyu ne da ake ɗaurawa a ƙafa domin zamiya a kan dusar ƙanƙara, maɗauri kuma shi ne na'urar da ke riƙe takalmi a jikin allon. A filayen shaƙatawa inji ne ke kai mutum ƙololuwa, gangarowa kawai ya rage masa. Mai ratsa jejin tsaunukan Alps kuwa da ƙafarsa yake hawa, don haka maɗaurinsa aiki biyu gare shi: ya saki diddige lokacin hawa, ya kulle shi lokacin gangarowa.

Ire-irensa

Mafi rashin nauyi shi ne mai ƙusoshi, wanda ɗan ƙasar Ostiriya Fritz Barthel ya ƙirƙiro a shekarun 1980, kamfanin Dynafit kuma ya yaɗa shi. Ƙusoshi biyu suna shiga ramukan ƙarfe da ke gefen bakin takalmi, biyu kuma a diddige. Wani ko giram 300 bai kai ba. Wani iri kuma, mai firam, kan kai kilo guda, kuma duk taku sai an ɗaga shi tare da takalmin. Akwai na tsakatsaki, irin Shift na kamfanin Salomon da ya fito a 2018.

Abin da ke cinye shi

Duk giram ɗin da aka rage domin sauƙin hawa, daga jikin ƙarfe da roba aka zaftare shi. A dusa mai laushi wannan ba ya damun kowa. Amma a kan daskararriyar hanyar filin shaƙatawa, inda mutum ke gangarowa sau da yawa a yini, girgiza na dukan ƙusoshin kai tsaye, domin maɗauri mai ƙusoshi ba ya da wadataccen sassauci da zai shanye ta. Sannu a hankali ramukan takalmi su lashe, sukurori su yi sako-sako, roba ta tsage. Ƙanƙarar da ke taruwa a ƙarƙashin muƙamuƙan gaban maɗaurin ma takan hana ƙusoshi zama daram.

Illarsa

Maɗaurin da ya gaji yakan saki takalmi ba zato. Wasu sukan kulle gabansa don gudun haka, kuma wannan ganganci ne: idan aka faɗi allon ba zai rabu da ƙafa ba, sai gwiwa ko ƙauri su ɗauki murɗewar. Wanda akasarin zamiyarsa a filin shaƙatawa take, gara ya haƙura da nauyin na tsakatsakin.