Hawan Pen y Fan: Darasin Jagora da Ayari a Tsaunukan Wales

A kudancin Wales, ɗaya daga cikin ƙasashe huɗu da suka haɗu suka zama Birtaniya, akwai tsauni mai suna Pen y Fan. Tsayinsa mita 886, kuma babu wanda ya kai shi a duk kudancin ƙasar. Yana cikin gandun Bannau Brycheiniog, wanda aka keɓe a 1957, aka kuma daina kiransa da sunan Turanci a hukumance a 2023 domin girmama harshen mutanen Wales.

Ayarin masu hawa kan taru da safe a Pont ar Daf. Kafin a ɗaga ƙafa, jagora yakan duba takalman kowa da rigarsa ta ruwa, ya ƙirga mutane, ya sa wani gogagge a ƙarshen layi. Ƙa'idar ita ce tafiya da saurin mafi rauni. Daga nan hanya ta miƙe ta cikin makiyaya, tumaki na kiwo hagu da dama, har a isa kusa da Corn Du mai mita 873, sannan a ƙarasa ƙololuwa. Idan gari ya washe, ido kan kai har mashigin ruwan Bristol.

Mai karatu zai iya cewa, ina amfanin jagora a tsaunin da yara ma ke hawa? Amsar tana cikin yanayin wurin. Hazo kan sauko cikin 'yan mintuna ya shafe hanya, iska ta kaɗa, sanyi ya kama wanda ya jiƙe. A gefen tsaunin akwai ginshiƙin tunawa da Tommy Jones, yaro ɗan shekara 5 da ya ɓace a 1900, ba a ga gawarsa ba sai bayan kusan wata guda. Har yau 'yan sa-kai ne ke fita ceton waɗanda suka maƙale, ko da tsakar dare. Rigakafi dai ya fi magani.

Aikin jagora bai tsaya ga tsare rai ba. Dokar da aka kafa a 2000 ta bai wa jama'ar Ingila da Wales 'yancin takawa a tsaunuka da dazuzzukan da aka tantance, ko da mallakar wani ne. Sai dai 'yancin yana tafe da nauyi: a rufe ƙyauren shinge, a riƙe kare kada ya firgita tumaki, a koma gida da shara. Yawan sawu ya zaizaye ƙasar Pen y Fan, har ƙungiyar National Trust, mai kula da shi, take shimfiɗa duwatsu a hanya. Jagora ne ke hana mutane ratsewa su ƙara ɓarna.

A ganina, nan ne hikimar wannan tafiya take. Makiyayi bai rasa kiwonsa ba, baƙo bai rasa shaƙatawarsa ba, domin akwai wanda ya san wurin, akwai kuma ayarin da ya yarda ya saurare shi.