Mazaunin Baƙo a Rumfar Abinci: Tabarma ko Benci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, garin Kankiya yana bisa babbar hanyar Kano zuwa Katsina, mutanen Kusada da ƙauyukanta kuwa ba su rabuwa da shi wajen saye da sayarwa. Saboda haka rumfunan tuwo da teburan shayi ba su rasa baƙi. Amma sau da yawa mai rumfa yakan gyara miya ya manta da wurin zama, har ciniki ya kuɓuce masa bai san dalili ba.

Waɗansu almajirai suna ƙyamar tebur, suna cewa bidi'a ne. Gaskiya ne Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai ci abinci bisa tebur ba, a shimfiɗa yake ci. Sai dai Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana cikin Ihya'u cewa shimfiɗa ta fi kusa da tawali'u, amma tebur bai haramta ba. Abin da Risala ta Ibn Abi Zaid ta karhanta shi ne ci a kishingiɗe. Ashe ke nan a nan akwai yalwa, sai mai rumfa ya dubi wanda yake zuwa masa.

Dattijo da malami, masu babbar riga, tabarmar kaba ko buzu ya fi musu. Su tuɓe takalmi, su naɗe ƙafa, su kewaye akushi guda, gama tuwo abin haɗa hannu ne. Wanda ya ɗora irinsu kan benci, kafaɗa da kafaɗa da yara, ya taɓa girmansu. Ba za su ce kome ba, amma ba za su komo ba.

Direba da ɗan dako kuwa sauri suke yi. Benci da dogon tebur ya dace da su, a sa shi inda mutum zai riƙa hangen motarsa ko kayansa, domin ɗan kasuwa ba ya jin daɗin loma in hajarsa tana bayansa. A nemi benci mai nauyi, ƙafafunsa kusa da bakinsa, don kada na wannan gefe ya tashi na wancan ya kife da kwano. Kujerar roba tana da arha, tana da jingina ga mai ciwon gwiwa, amma rana tana gasa ta har ta karye, sai a ajiye ta a inuwa.

Mata matafiya su ma suna jin yunwa. A kewaye musu gefe da zana, a shimfiɗa tabarma. Rumfar da ba ta da wannan, maigida zai wuce ta da iyalinsa duka.

A ajiye buta da sabulu a bakin shiga, a nisanta mazauni daga hayaƙin murhu da kwata, a kakkaɓe shimfiɗa bayan kowane baƙo. Duk wannan kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba.

To, masu rumfa, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma wanda ya haɗa biyun ya cika haƙƙin baƙo, ya kuma tsare kasuwarsa. Allah Ya sa albarka cikin nema, amin.