Yadda Za A Rage Zafin Ɗakin Kwano

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a Jibiya cikin watan Afrilu ya san zafi. Da rana yakan wuce digiri 40 a inuwa, kwanon kuwa ba ya taɓuwa da hannu. Masu ƙarfi sukan ja tabarma zuwa gindin bishiya. Jariri da mai jego da tsoho mara lafiya su ake bari a ciki.

Soron kakanninmu ba haka yake ba. Azarar giginya da laka mai kauri sukan riƙe zafi sa'o'i da yawa kafin ya ratsa. Amma wanda ya ga yadda ambaliyar Yulin 2018 ta rushe ɗaruruwan gidaje a Jibiya, ba za a ga laifinsa ba idan ya fi yarda da bulo da kwano. Abin da ya rage shi ne a tare zafin kafin ya sauko.

Kun san farin abin nan mara nauyi da ake samu a kwalin sabon firji ko talabijin? Irinsa ake yi falle-falle kamar allo, don gini. Kusan dukansa iska ce da aka kulle cikin 'yan ƙananan ramuka, kuma iskar da ba ta motsi ba ta saurin wuce da zafi. Shi ya sa kula take riƙe ƙanƙara.

A kan silin ake shimfiɗa shi, tsakanin katako da katako. Mai kaurin inci 2 ya isa a ji bambanci. A yanka shi da wuƙa mai kaifi ya shiga daidai, domin duk kafar da aka bari, ta nan zafi zai bi. Kada a manna shi da kwanon. A bar fili, a kuma buɗe 'yar taga a kowane gefen bango, sama da silin, don iska mai zafi ta fita. A sa mata raga saboda jemagu da ɓeraye. Wannan tagar ita aka fi mantawa, alhali ba ta cin kuɗi sosai.

Yanzu ga inda nake so ku kula ƙwarai. Allon nan yana cin wuta, hayaƙinsa baƙi ne mai guba. Dole silin ya rufe shi gaba ɗaya. Kada ya taɓa wayar lantarki ko ƙwan fitila, kada a sa shi a ɗakin girki. Fetur kuma narkar da shi yake yi. Mu da ke bakin iyaka mun san ɗakunan da jarka take kwana, to ba na irinsu ba ne. Mai aikin ya hau da sassafe, ya taka katako kawai. Idan tsohon silin na asbesto ne, kada a fasa shi ko a sa masa zarto, ƙurarsa tana lalata huhu.

Idan kuɗin bai kai ba, a fara da ɗakin yara. Zana ko tabarmar kaba a ƙarƙashin kwano ma tana rage zafi, sai dai a riƙa dubawa saboda gara. Farin fenti a saman kwanon yana mayar da hasken rana, amma bayan ƙurar hunturu sai an wanke shi.