2.3 Muhimman Batutuwa a Koyar da Karatu ga Yara Masu Disleksiya

Kalmar disleksiya ta samo asali ne daga harshen Girkanci, kuma wani likitan ido Bajamushe mai suna Rudolf Berlin shi ne ya yaɗa ta a shekarar 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya kawo bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagare shi, har sunansa ba ya iya rubutawa daidai. Saboda likitocin ido suna cikin waɗanda suka fara nazarin matsalar, an daɗe ana ɗaukar ta a matsayin ciwon gani, ana kiran ta makantar kalma. Wannan fahimta ba ta gushe ba har yanzu, domin malamai da yawa ba su san wata alama ta disleksiya ba face yaro ya rubuta "b" a gurbin "d". Alhali kuwa yawancin yara sukan yi irin wannan juyi a farkon koyon rubutu, daga baya su daina.

2.3.1 Tantance ƙwayoyin sauti

Binciken da aka yi tun daga shekarun 1970 ya nuna cewa ga mafi yawan waɗannan yara, tangarɗar tana wajen tantance sautukan magana ne. Yaro yakan furta kalmar "gida" sarai, ya san ma'anarta, amma idan aka ce ya rarrabe ta zuwa ƙwayoyin sauti huɗu, ko ya cire sautin farko ya sa wani a gurbinsa, sai abin ya faskara. Tun da yake rubutun boko wakiltar sauti yake yi da harafi, wanda bai jin sautukan daki-daki ba shi da abin da zai rataya haruffan a kai. A 1983 Bradley da Bryant na Jami'ar Oxford suka nuna cewa yaran da aka horar wajen rarraba kalmomi bisa sautinsu, aka kuma haɗa musu da haruffa, sun fi takwarorinsu ci gaba a karatu.

Gough da Tunmer (1986) sun ƙara fito da batun fili, inda suka ce fahimtar karatu ta dogara ne a kan abu biyu, wato iya warware rubutu zuwa furuci da kuma fahimtar harshe. Idan ɗaya ya faɗi, karatu ya faɗi. Yaro mai disleksiya yana da na biyu, na farkon ne ya yi masa ƙaranci. Shi ya sa za a ga ya fi kowa amsa tambaya idan malami ya karanta wa aji labari, amma a miƙa masa littafin sai ya tsaya cik. A nan ne ake yawan zaluntar sa, a kira shi daƙiƙi ko malalaci.

2.3.2 Koyarwa a fayyace kuma bisa tsari

Samuel Orton, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya fara rubutu a kan matsalar a 1925, sannan Anna Gillingham da Bessie Stillman suka mayar da ra'ayinsa hanyar koyarwa a shekarun 1930. Ginshiƙin hanyar shi ne kada a bar yaro ya gano dangantakar harafi da sauti da kansa. A gaya masa ita ƙarara, a fara da mai sauƙi, kada a wuce mataki sai ya zauna, kuma a riƙa komawa baya ana bita. Rahoton kwamitin karatu na ƙasar Amurka na shekarar 2000 ya goyi bayan koyar da sauti da harafi bisa tsari. Akwai kuma batun haɗa gani da ji da taɓawa, kamar yaro ya zana harafi a yashi yana furta sautinsa. Wannan dabara ta yi suna ƙwarai, sai dai hujjar da ke nuna cewa ita kanta ce take kawo nasara ba ta da ƙarfi kamar hujjar tsari da yawan maimaici. Ya kamata malami ya san wannan don kada ya ɗauka cewa faranti da yashi sun wadatar.

2.3.3 Yanayin rubutun Hausa

Yawancin waɗannan bincike a kan Ingilishi aka yi su, harshen da harafi ɗaya yake ɗaukar sautuka barkatai. A harsuna irin su Italiyanci da Jamusanci, inda rubutu yake bin furuci, an lura cewa mai disleksiya ba ya yawan kuskure, amma karatunsa yana da nawa matuƙa. Hausa ta fi kusa da wannan rukuni. Gaɓoɓinta iri uku ne kacal, wato baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ke nan ana iya tsammanin yaro Bahaushe mai wannan matsala ya karanta "makaranta" daidai, gaɓa bayan gaɓa, amma kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Malamin da kuskure kawai yake ƙirgawa, bai auna lokaci, ba zai gane shi ba.

Duk da haka rubutun Hausa yana da nasa tarkon. Haruffan b, d, ɓ, ɗ huɗu ne masu kama da juna, ga kuma k da ƙ, kuma ƙugiyar nan ƙarama ita ce ta raba "bata" da "ɓata", "daka" da "ɗaka", "kafa" da "ƙafa". Bai dace a gabatar da su a darasi ɗaya ba. Haka nan sh, ts, ky, gw da ƙw haruffa bibbiyu ne masu wakiltar sauti guda, kuma sai an faɗa wa yaro haka ƙarara. Babbar matsalar ita ce rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Gwanin karatu yakan warware wannan daga ma'anar jimla ba tare da ya lura ba. Wanda duk ƙarfinsa ya ƙare a kan harhaɗa gaɓoɓi kuwa, sai an koya masa irin waɗannan kalmomi a cikin gajerun jimloli, ana karanta masa su da baki tukuna kafin a nuna masa su a allo.