Me ya sa ake daɗe ana tsara tashar rarraba wuta kafin a fara gininta?

Manyan wayoyin lantarki na iya ratsa saman ƙauye, amma mutanensa su kwana cikin duhu. Dalili kuwa shi ne wutar da ke cikinsu ta fi ƙarfin gida nesa ba kusa ba. Sai an gina tashar rarraba wuta, inda manyan taransifoma ke rage mata ƙarfi, sannan a iya kai ta unguwanni, asibitoci da injinan niƙa.

Aikin Dorsale Nord, wanda hukumar haɗa wutar lantarki ta yammacin Afirka (WAPP) ke jagoranta, misali ne na kusa. Layi ne mai ƙarfin kilobolt 330, tsawonsa ya haura kilomita 850. Ya tashi daga Birnin Kebbi a Najeriya, ya biyo ta Zabori a jihar Dosso zuwa Gorou Banda kusa da Yamai, sannan ya nufi Wagadugu. An ƙaddamar da aikin a 2022, da kuɗin Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka da wasu abokan hulɗa.

Matakin farko a irin wannan aiki shi ne lissafin buƙata: wuta nawa yankin ke sha yau, nawa kuma zai sha nan da shekaru masu zuwa. Daga nan sai zaɓen fili. Ana neman wurin da ambaliya ba ta kaiwa, mai ƙasa mai ƙarfi, kuma kusa da hanyar da manyan motoci za su iya bi, domin taransifoma guda na iya haura tan 100. Matsayin wurin ma na da muhimmanci: a Zabori ne layin ke rabuwa, reshe guda ya gangara Malanville a Benin.

Mataki na uku ya fi shafar talaka. Kafin a sa harsashi, ana binciken illar aikin ga muhalli da jama'a, a ƙidaya gonaki, itatuwa da gidajen da za a taɓa, a kuma tsara diyya. Manomin da ba a rubuta sunansa ba lokacin ƙidayar, yakan sha wahala kafin ya samu haƙƙinsa. Shi ya sa halartar tarukan tuntuɓa ke da amfani.

Nijar ta daɗe tana dogaro da tsohon layin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi. Lokacin da Najeriya ta katse wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, ƙasar ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, har zuwa farkon 2024. Tun daga nan, tambayar da ke gaban masu tsara kowace sabuwar tasha ita ce: idan hanya guda ta yanke, ta ina wuta za ta shigo?