Garkuwar Jikin Ƙwari da Yadda Za Ka Karya Ta a Gonar Wake

Malam manomi, waken da fatake ke saukewa a Sabo da kasuwar Bodija ta Ibadan daga gonakin Arewa yake fitowa, kuma babbar abokiyar gabarsa ita ce tsutsar Maruka mai cin fure da huda kwanso. Idan ta yi yawa takan lalata kusan kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Kafin ka yaƙe ta, ya kamata ka san irin garkuwar da Allah Ya ba ta.

Yadda ƙwaro ke gane cuta

Bangon kowace ƙwayar bakteriya yana ɗauke da wani sinadari da babu shi a jikin ƙwaro. A cikin jinin ƙwaro akwai wasu furotin masu aikin gadi, waɗanda masana a Japan suka gano a jikin tsutsar siliki a 1996. Da zarar sun taɓa wannan sinadari sai su manne masa, su aika saƙo zuwa kitsen jiki, wanda ke yi wa ƙwaro aikin hanta. Cikin 'yan sa'o'i kitsen zai zubo ƙananan furotin masu huda ƙwayar cutar ta fashe. Hans Boman na ƙasar Suwidin ne ya bayyana na farkonsu a 1981, sannan Jules Hoffmann na Faransa ya sami kyautar Nobel a 2011 saboda gano hanyar saƙon. Ban da wannan, ƙwayoyin jinin ƙwaro kan haɗiye bakteriya ko su lulluɓe ta da baƙin sinadari har ta mutu.

Ƙofar da ba ta da mai gadi sosai

Akwai bakteriyar ƙasa da ake kira Bt wadda ke shiga ta baki. Tsutsa na cin ta, dafinta ya narke a hanji ya huda shi, sai tsutsar ta daina ci ta mutu cikin 'yan kwanaki. Wannan dafi ne aka sanya a cikin irin wake SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019. Da shi feshi biyu kan wadatar, maimakon shida zuwa takwas.

Abin da za ka kiyaye

Idan maganin Bt na feshi za ka yi amfani da shi, fesa tun tsutsa tana ƙarama, kafin ta shige cikin kwanso. Yi feshin da yamma, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa. Kada ka rage awon da aka rubuta a jikin kwalba, domin tsutsar da ta sha kaɗan ta tsira ita ce ke haifar da masu jure magani. Malamin gona ya nanata wa manoma wannan.

Kai kuma ɗan kasuwar Sabo, ka sani dafin Bt ba ya taɓa ƙwaron da ke huda wake a ajiya. Maganinsa shi ne a shanya wake ya bushe sarai, a zuba a buhu mai ninki uku, a ɗaure bakinsa tam don iska kada ta shiga.